Yadda Ake Canza Kayan da Suka Cinye a Tsohuwar Tarakta

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu karatu a 'yan kwanakin nan ta tsohuwar tarakta ce. Wani ya gaji ta mahaifinsa, wani ya saya a gwanjon ma'aikata, wasu kuma ƙungiyar manoma ce ta haɗa kuɗi ta ɗauko wadda ta daɗe a jibge a gindin bishiya. Abin da kowa ke son sani guda ne: me za a canza, me za a bari, kuma da wanne za a fara?

Zan yi bayanin ne a kan Massey Ferguson, irin su 135, 165, 240, 265, 290 da 375, domin su suka fi yawa a gonakinmu, kayansu kuma sun fi samuwa. Mai Fiat, ko Steyr ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Bauchi, shi ma zai iya bin wannan jeri, awon ne kawai zai bambanta. Abin da nake so a riƙe tun daga nan shi ne, kuɗin gyaran tarakta sun fi salwanta a rashin bin tsari fiye da tsadar kaya. A gwada, a kwance, a auna, sannan a tafi kasuwa. Wanda ya fara da kasuwa zai sayi abin da ba ya bukata, ya rasa kuɗin abin da ya zama dole.

A fara aikin da an gama girbi. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu zai tarar da kanikawa a cike da aiki, kaya sun yi tsada, shi kuma gaggawa za ta sa ya karɓi duk abin da aka miƙo masa.

Kayan aikin da za a tanada

Cikakken jerin sifanu da soket, na inci da na milimita duka, saboda tsofaffin Massey da notocin inci aka ɗaure su. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda babu ita babu haɗa inji. Ma'aunin tazara mai siraran ganyayyakin ƙarfe, da maikuromita ko ma'aunin kauri mai kyau. Jak mai ƙarfi guda biyu, guma-guman katako, da cen bulok idan za a sauke inji. Sai gwangwanaye ko ledoji na zuba notoci, alƙalamin rubutu a jikin ƙarfe, da wayar hannu ta ɗaukar hoto. A nemi littafin gyara na ainihin samfurin taraktar, ko da kwafi ne a waya. Duk ƙarfin ɗauri da tazarar da za a bukata suna ciki.

1. Gano injin da ke cikinta

Lambar da ke jikin bonet ba ta isa a sayi kaya da ita ba. Bonet ana canzawa, inji ma ana canzawa. Ka goge jikin bulok ka nemo lambar da aka buga a kai. A injinan kamfanin Perkins, waɗanda ke cikin waɗannan Massey, haruffa biyun farko suna faɗa maka irinsa: CE shi ne mai silinda uku na 3.152, irin na 135 da 240. LD shi ne 4.236; LF kuma 4.248, irin na 290. Waɗanda suka fi tsufa da adadin suke farawa kai tsaye, kamar 152 ko 236.

Dalilin nacewa a kan wannan: faɗin silindar 4.236 kusan milimita 98 da rabi ne, na 4.248 kuma 101. Daga waje injinan kamar tagwaye suke, amma fistin ɗin wannan ba zai zauna a wancan ba. Haka 375 ta Ingila da 375 ɗin da kamfanin Millat ke ƙerawa a Pakistan, suna ɗaya, inji daban. Ka rubuta lambar inji, da lambar jikin taraktar, da wadda ke kan ƙaramin farantin famfon injekta, ka ɗauke su hoto.

2. Kada ka yi saurin tayar da ita

Wannan shi ne kuskuren farko da aka fi yi: a kawo batir, ko a ɗaura igiya a ja ta da wata tarakta, "mu ji ko za ta tashi". Injin da ya yi shekara a tsaye silindarsa a bushe take, wataƙila ruwan sama ya bi ta salansa ya kwanta a kan fistin. Juyi ɗaya da ƙarfi ya isa ya lanƙwasa sandar fistin ko ya karya ringi.

Ka zare sandar awon baƙin mai ka duba. Idan man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Ka duba na giyabos shi ma. Ka cire nozul-nozul, ka zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da hannu ta notin fulin gaba. Idan ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, ka zubar da tsohon man gas, ka sa sabo da sabuwar filta, ka sa baƙin mai da ruwa, sannan ka gwada kunnawa.

Gargaɗi: kafin ka kunna, ka tabbatar wayar kashe inji tana motsi, ka kuma ajiye faffaɗan katako kusa da bakin shigar iska. Famfon injekta da ya daɗe a ajiye yakan maƙale a buɗe, inji ya yi ta hawa ba ya tsayawa. Toshe iskar ne ke kashe shi. Da katako ake toshewa, ba da tafin hannu ba.

3. Saurari abin da take faɗa, ka rubuta

Idan ta tashi, ka bar ta ta yi zafi sosai. Inji mai sanyi yana ɓoye laifinsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, wato ringi, silif (bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa) ko hanyar bawul sun cinye. Baƙin hayaƙi yawanci iska ce ta yi kaɗan ko nozul na zubar da mai. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi, ko man gas ne ba ya ƙonewa, ko ruwa na shiga silinda. Ka sa hannu kusa da bututun numfashin inji: idan yana fitar da hayaƙi bugu-bugu, matsi na tserewa ta gefen ringi. Ka buɗe murfin lagireto tun tana sanyi ka duba ko ruwan na tasowa da kumfa, alamar gaskit ɗin kan inji ya ƙone ke nan.

Ka ɗaura agogon awon matsin mai na gaske, kada ka dogara da fitilar gaban direba. Lafiyayyen Perkins mai zafi, yana gudu sosai, yakan ba da tsakanin 30 zuwa 60 a ma'aunin psi. Idan allurar ta faɗi ƙasa warwas da ya yi zafi, metal (siraran ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu) ko famfon mai sun gaji.

Daga nan ka tuƙa ta. Ka shiga kowace giya, ka taka birki ɗaya-ɗaya, ka sa PTO (sandar bayan tarakta mai juya injinan da ake haɗa mata), ka ɗaura garma ka ɗaga, ka kashe inji ka ga ko garmar za ta tsaya a sama ko za ta sulale. Duk abin da ka gani ka rubuta.

Yanzu ne za ka yi lissafin kuɗi. Abubuwa huɗu ne ke cin kaso mafi tsoka: kayan cikin inji da ladan masu gurza, tayoyin baya, gyaran famfon injekta, sai kuloci da famfon haidirolik. Ka tambayi farashinsu a shago biyu ko uku a mako guda, tunda yawancinsu daga waje ake shigowa da su, suna bin canjin dala. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan jimillar saboda abin da sai an buɗe za a gani. Idan bulok ya tsage, giyabos ma na kuka, tayoyi kuma sun mutu, ka tsaya ka kwatanta da kuɗin wata taraktar mai tafiya kafin ka kwance ko noti ɗaya.

4. Wanki da kwancewa

A wanke ta tas kafin a buɗe komai. A cire batir, a tsiyaye ruwa da mai. A yi aikin a kan siminti ko tamfol, a cikin rumfa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai. Kowane sashe notocinsa a gwangwani guda, a rubuta suna. A ɗauki hoton wayoyi da bututun mai kafin a cire.

Murafun metal na kiranshaf da na sandunan fistin kowanne da mazauninsa da fuskar da yake kallo. Idan lambar jikinsu ta goge, a buga musu alama kafin a cire. Musanya biyu kawai ya isa ya sa kiranshaf ya cije. Sandunan tura bawul a soke su a kwali bi da bi.

5. Awon cikin inji

A nan ake yanke hukunci, don haka a nan ya kamata a ɓata lokaci.

Silif da fistin. Ka sa farcenka a cikin silinda ka jawo shi sama. Dab da baki, inda ringin sama ke tsayawa, za ka ji wani ɗan tudu. Idan farce ya maƙale a wurin, silif ya tafi. Sa sabon ringi a irin wannan silif asarar kuɗi ce: ringin zai riƙa dukan tudun har ya karye, kuma ba zai taɓa zama daidai a ramin da ya riga ya zama ƙwai-ƙwai ba. Idan bakanike ya ce maka, "Alhaji, ringi kawai za mu sa, za ta yi," ka ce ya sa sabon ringin a cikin silindar ya auna tazarar bakinsa a gabanka, a sama da kuma ƙasa, ku kwatanta da littafi. Silif, fistin, ringi da fil ɗin fistin tare ake canza su, kuma a duk silindar, ba guda ɗaya ba.

Gargaɗi: silif ɗin waɗannan injina busasshe ne, siriri, matsa shi ake yi cikin bulok. Da injin matsi ake cirewa a kuma saka, ba da guduma da kurfi ba. Akwai wanda ke zuwa a gyare, akwai wanda sai an saka sannan a gurje cikinsa zuwa awo. Ka tambayi mai shago wanne ya ba ka. Ringin ma dole ya dace da irin ƙarfen silif ɗin, shi ya sa sayen su a kwali ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Kiranshaf. A auna kowane mazaunin metal ta fuska biyu. Idan ya yi zane mai kama farce, ko ya daina zama da'ira, sai wurin masu gurza. Ana rage shi ne mataki-mataki, 10, 20 ko 30, wato milimita 0.25, 0.50 da 0.75. Kada ka sayi metal sai kiranshaf ya dawo, mai gurza ya faɗa maka awon da ya tsaya a kai, na manya daban, na sanduna daban. Ka duba bayan tsohon metal ɗin, a nan ake buga awonsa, zai nuna maka ko an taɓa gurzawa. Kiranshaf da ya dawo daga gurza a wanke ramukan mansa da buroshi da man gas har sai sun fita fes, domin garin ƙarfen da ya maƙale ciki sabon metal zai fara ci.

Kan inji. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a duba ko ya banƙare, a duba tsaga tsakanin mazaunan bawul. Bawul ɗin da ke rawa a hanyarsa, a canza shi tare da hanyar. Famfon baƙin mai kuwa ni shawarata a canza shi duk lokacin da aka yi wannan aiki. Kuɗinsa kaɗan ne a kan abin da yake karewa.

6. Zuwa kasuwa

Ka tafi da lambobinka da tsohon abin a hannu. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko shagunan dillalan kayan noma, za a nuna maka kaya hawa uku: na asali mai tambarin Perkins ko AGCO (kamfanin da ya mallaki Massey Ferguson), na kamfanonin da suka yi suna a kayan maye irin su Sparex da Bepco, sai marasa suna masu araha. Araha ba ta ado, amma ba komai ne sai na asali ba. Ƙa'idata ita ce: duk abin da sai an raba tarakta ko an buɗe inji kafin a kai gare shi, a sayi mafi kyau da aljihu zai iya. Metal, ringi, gaskit ɗin kai, sil ɗin bayan kiranshaf, kuloci. Fitila, madubi, kujera, tiyo, waɗannan ko sun lalace minti kaɗan ne a canza.

Na hannu yana da wurinsa. Ƙarafa masu nauyi da ba sa cinyewa da sauri, irin su rim, hannuwan ɗaga garma, gidan aksil, har kan inji idan an gwada shi, tsohon na asali sau da yawa ya fi sabon jabu. Amma roba, sil, gaskit, boris da filta ba a sayen na hannu.

Kwali ba shaida ba ne, ana buga na ƙarya. Ka ɗora sabo kusa da tsoho, ka ƙirga ramuka da haƙora, ka ji nauyinsu a hannu. Sil ɗin bayan kiranshaf iri biyu ne a waɗannan injina, na igiya da na roba mai leɓe, kuma ba sa maye gurbin juna. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa in bai dace ba za ka dawo da shi, ka karɓi rasit.

7. Haɗa inji

Tsabta ce rabin aikin. Kowane metal a shafa masa sabon baƙin mai a fuskar da kiranshaf ke gogawa, bayansa kuma a bar shi a bushe. Bayan ɗaure kowane murfi a juya kiranshaf da hannu. In ya yi tauri a tsaya a nemo dalili, kada a ce zai saki in ya yi aiki. Ringi yana da sama da ƙasa, akwai rubutu a fuskar da ke kallon sama, kuma a rarraba bakunansu kada su yi layi ɗaya. Fistin yana da alamar gaba. A haɗa alamomin giyoyin taimin daidai, har da na na'urar daidaita girgiza da ke ƙasan injinan silinda huɗu.

Notocin kan inji daga tsakiya ake fara ɗaure su a yi waje, a zagaye biyu ko uku, da sifanar awo, bisa adadin littafi. Ɗauri da dogon bututu da "na ji ya kama" shi ke ƙona sabon gaskit a kakar farko. Kada a shafa gam a gaskit ɗin kai. Tazarar bawul a 4.236 milimita 0.30 ce, inji na sanyi.

8. Kuloci, tun tana rabe

Idan an riga an sauke inji, kuloci na gabanka, kada ka mayar ba ka duba ba. Idan kuma don kulocin kaɗai za a raba taraktar, ga gargaɗi mafi nauyi a wannan rubutu: a yi a daɓe mai ƙarfi, a datse tayoyin baya gaba da baya, a tokare ƙarƙashin giyabos da katako ba jak kaɗai ba, sannan a buga katako mai tsini tsakanin aksil ɗin gaba da jikin taraktar, dama da hagu. Aksil ɗin gaba a kan fil ɗaya yake lilo. In ba a datse shi ba, da an raba, injin zai kife gefe, kuma nauyinsa ya isa ya kashe mutum.

Yawancin waɗannan taraktoci kulocinsu hawa biyu ne: rabin taku na tsayar da tafiya, taku har ƙasa na tsayar da PTO. Faranti biyu ke nan. Ka duba fatar kowanne: in kawunan ƙusoshin da suka riƙe ta sun fara sheƙi, ta ƙare. In ta jiƙe da mai, canza ta kaɗai ba magani ba ne, sai an toshe inda man ke fitowa, ko sil ɗin bayan inji ko na gaban giyabos. A canza sil ɗin duka biyun. A canza boris ɗin taka kuloci da ƙaramin boris na tsakiyar fulawil. Su ne mafi araha a wurin, kuma saboda su ake sake raba tarakta bayan wata biyu. Fuskar fulawil in ta yi tsage-tsage ko shuɗin ƙuna a kai a share ta, a duba haƙoran da kik ke kamawa.

A daidaita farantan da sandar saiti kafin a ɗaure. Wajen mayarwa, in ɓangarorin biyu sun ƙi haɗuwa, a ɗan juya fulawil ko sandar PTO har haƙora su shiga. Kada a ja su da dogayen notoci, faranti zai lanƙwashe. Bayan an haɗa a bar wa feda 'yar tazara kafin ta fara turawa.

9. Man gas, iska da ruwa

Sabon inji da tsohuwar matatar iska ba zai yi kaka biyu ba, ƙurar gonakinmu za ta cinye ringin. In mai kaskon mai ce, a wanke ragar a zuba sabon mai daidai layi. In ta takarda ce, a sa sabuwa. A bi tiyon da ya taso daga matatar zuwa inji a tabbatar babu tsaga ko sakakken ɗauri.

A sauke tanki a wanke tsatsa da ruwan da ya kwanta a ƙasansa. A canza filtoci da robobinsu, da ƙaramin famfon da ke jawo mai in ya yi rauni. Nozul a kai wa masu gwaji, su ga matsin da yake buɗewa da yadda yake feshi. Ba lallai a canza duka ba, sau da yawa bakin kawai ake sakewa. Kowanne a sa masa sabon wosha na jan ƙarfe, a tabbatar tsohon ya fito daga ramin. Famfon injekta na kamfanin CAV kuwa ba a buɗe shi a gareji. A yi masa alama a inda ya zauna, a cire, a toshe bakunansa, a kai wa masu injin saiti. In an mayar, a fitar da iska bi da bi: filta, jikin famfo, sannan bututun nozul.

Gargaɗi: kada a laluba yoyon bututun nozul da yatsa inji na aiki. Man na fita da ƙarfin da zai huda fata, kuma raunin na asibiti ne nan take.

Lagireto a wanke ciki da waje, a busa ƙaiƙayin da ya toshe ragarsa daga baya zuwa gaba. A girgiza fanka: in tana rawa, famfon ruwa ya tafi. A sa sabon murfi, sababbin tiyo da fanbel. Tamostat ɗin da aka saba cirewa a jefar da sunan ƙasarmu da zafi, a mayar da shi. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi shan mai, ya fi saurin cinye silif.

10. Haidirolik

A Massey, giyabos da aksil ɗin baya da haidirolik mai ɗaya suke sha. Don haka kafin a zargi famfo, a zubar da tsohon man, a wanke laka da garin ƙarfen da ya kwanta, a wanke ragar famfo, a sa sabo. Garma da yawa da aka ce ba ta ɗagawa a nan take warkewa.

In har yanzu tana sulalewa, a rage man, a buɗe murfin gefe, a ɗaga garma a haska tocila. Man da ke zubowa daga sama yana nuna ringin silindar ɗagawa ko robar bututun da ke kai mai sama. In man na tafasa a ƙasa kusa da famfo, matsalar bawul ɗin famfon ce. In ɗagawar na karkarwa, bawul-bawul na cikin famfon sun cinye, akwai kayan gyaransu a kwali ba sai an sayi famfo sukutum ba.

Gargaɗi: ido kawai ake sawa a wannan rami inji na aiki. Hannu ba ya shiga sai an kashe inji an sauke garma ƙasa.

11. Gaba, sitiyari da birki

A ɗaga gaba a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Rawa a nan boris ne ko bushin sandar juyawa. Rawa dama da hagu kawunan sandar sitiyari ne. A duba babban fil ɗin tsakiyar aksil. Fil da bushinsa tare ake canzawa, kuma in ramin ya faɗaɗa sai an cike an sake hudawa. Duk kan giris da ya toshe a sa sabo, rashinsa ne ya cinye na farkon.

Birki dama da hagu tare ake gyarawa, a saita su su kama lokaci guda, in ba haka ba tarakta mai jan tirela za ta murɗe a kan titi. Mai busasshen birki irin 135, in fatar ta sha mai, sil ɗin aksil ne ya yoyo, a canza shi tare. Mai birkin da ke cikin mai irin 375 tana bukatar man da aka yi domin irin wannan birki, man giya na mota zai sa ta kuka da karkarwa.

12. Wuta da taya

Wayoyin da suka bushe suka farfashe a sake su gaba ɗaya, a sa fis. Kafin a ce kik ya mutu, a goge kawunan batir da wayar da ke kama jiki. A gyara agogon zafi da na matsin mai, su ne za su tsare kuɗin da aka zuba a inji. Makunnin da ke hana ta tashi tana cikin giya a mayar da shi aiki. Al'adar tsayawa a ƙasa gaban tayar baya a haɗa kik da sukudireba ta kashe mutane, a daina.

Taya a bar ta kusan ƙarshe, sai an tabbatar sauran sun yi. In an zuba mata ruwa don nauyi, a tsiyaye kafin a kwance, kuma kada mutum ɗaya ya tare ta. A duba tsatsar rim kusa da bawul. Tayoyin baya su zama awo ɗaya, zanensu na kallon inda kibiyar jikinsu ta nuna.

13. Awannin farko

Kafin tashin farko a ja wayar kashewa, a juya inji da kik har agogon mai ya motsa, sannan a sake ta. In ta tashi matsin mai bai hau cikin 'yan daƙiƙu ba, a kashe. A bar ta ta yi zafi, a duba yoyo, sannan a sake bin notocin kan inji da sifanar awo a sake saita bawul.

Kada a bar sabon inji yana sulo wuni guda da sunan lallashi, ringi ba zai zauna ba, zai fara shan mai tun yana sabo. A ba ta aiki matsakaici, jan tirela ko haro a ƙasa mai laushi, ana canza gudu, ba a danne ta har ta yi baƙin hayaƙi ba. Kowace safiya a duba mai da ruwa. Wajen awa 50 a zubar da baƙin man, a sa sabon 15W-40 da sabuwar filta, a sake duba tazarar kuloci, fanbel da notocin taya. In ta wuce wannan ba yoyo ba zafi, sai a ba ta garma sosai, a kuma kira mai fenti.